Ƙas-ƙas a Giyabos: Gyaran Difarenshal na Tsohuwar Motar Rimot

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar motar rimot ƙirar Tamiya, irin waɗanda aka yi a shekarun 1980, ya san wannan ƙarar. Ka ajiye motar a ƙasa, ka danna mata wuta, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga bayanta, inji yana ihu, tayoyi kuwa sun cije ko suna jan jiki da kyar. Ka saki wuta, ka sake dannawa a hankali, sai ta tafi sumul kamar ba ita ba. Yawancin mutane da sun ji haka sai su yanke cewa haƙoran giya sun cinye, su shiga neman sababbi. Sau da yawa haƙoran lafiyarsu ƙalau a lokacin. Abin da ke riƙe da su ne ya saki, kuma wanda bai gane haka ba zai yi ta sayen giya yana zubawa, ƙarar tana dawowa.

Ba irin motocin wasan nan da ake sayarwa a haɗe a kanti nake nufi ba, waɗanda da sun lalace sai bola. Waɗannan a warwatse suke zuwa cikin kwali, da littafin zane, kai ne za ka zauna ka haɗa su da hannunka, kuma kowane ɗan ƙarfe yana da lambarsa da za ka nema in ya karye. Kamfanin Tamiya yana birnin Shizuoka a Japan. Da sana'ar katako ya fara a 1946, daga baya ya koma ƙera ƙananan jiragen ruwa da tankoki da motoci na ado, sannan a 1976 ya fitar da motarsa ta rimot ta farko, samfurin Porsche 934. A 1983 ya fitar da The Frog, motar tsere a kan turɓaya mai girman kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, tsawonta wajen santimita 40. Ƙashin jikinta da giyabos ɗinta iri ɗaya ne da na samfurin Subaru Brat, da na Blackfoot da Monster Beetle masu manyan tayoyi da suka fito a 1986. An sake fitar da Frog a 2005, shi ya sa har yau ana samun kayan gyaranta sababbi fil.

Tawa Frog ce ta asali. A wurin wani mai sayar da kayan gwanjo da ake kawowa daga Turai na tsinto ta, cikin buhun kayan wasan yara, ba rimot, ba batir, fiffiken baya ya tafi. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya cire injinta na asali ya ɗaura mata wani mai zafi, ya kuma cika giyabos da baƙin giris irin na babbar mota, wanda ya daskare ya zama danƙo. Da na sa mata batir, ƙarar nan ce gaisuwarta ta farko.

Kafin a kama sukundireba, gara a san aikin da difarenshal yake yi. Ka tuna mahaya a jere ranar hawan salla idan za su sha kwana: na ciki sai ya ja linzami, na waje sai ya sakar wa dokinsa, in ba haka ba sahu ya karye. Tayoyin baya na mota haka suke. Idan tsakanin tayoyin biyu santimita 20 ne, motar ta yi zagaye guda cikakke, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da wajen mita ɗaya da kwata, ko zagayen babba ne ko ƙarami. Tayar da kewayenta santimita 25 ne, sai ta ƙara juyi biyar kenan a kan 'yar'uwarta. Inji ɗaya ne yake tura su duka biyun, don haka dole a sami abin da zai raba musu ƙarfi ya kuma bar kowacce ta yi gudunta. Wani injiniya Bafaranshe, Onésiphore Pecqueur, ya yi rajistar irin wannan dabara don keken tururi a ƙarshen shekarun 1820, James Starley kuma ya sa ta a keke mai ƙafa uku a Coventry ta Ingila a 1877. A Daidaita Sahun da kake hawa kullum yana da nasa a baya. Babur ba ruwansa da shi, tunda taya ɗaya ce take tura shi.

A cikin Frog ga yadda abin yake. Akwai babbar farar giya ta roba mai tauri, wadda inji yake juyawa ta hannun wata giya ta tsakiya. A jikin farar giyar an huda tagogi uku, kowacce da 'yar ƙaramar giyar ƙarfe mai siffar mazubi. Dama da hagu kuma akwai manyan giya biyu na ƙarfe, su ma haƙoransu a karkace, kowacce tana riƙe da sandar da ke zuwa taya ɗaya. Idan motar tana tafiya miƙe, ƙananan nan uku ba sa juyawa a kan kansu, sai dai su ɗauki manyan biyun su tafi da su tare. Da an shiga kwana sai su fara mirginawa, abin da tayar ciki ta rage na gudu, shi tayar waje take ƙarawa. Ɗaga motar ka juya taya ɗaya da hannu, za ka ga ɗayar tana juyawa da baya. In haka ta faru ba tare da cijewa ba, difarenshal yana da rai.

To, a nan gizo ke saƙar. Haƙoran da aka yanka a karkace, duk lokacin da aka ɗora musu nauyi, ban da juyawar da suke yi, ture juna suke yi gefe. Wato manyan giyar nan biyu kullum neman hanyar buɗewa suke, ɗaya ta yi dama ɗaya ta yi hagu. Abin da ke hana su shi ne bangon giyabos, kuma a wannan zuri'ar motocin bangon faranti biyu ne na alminiyam marasa kauri, da suka sa firam na roba a tsakiya. Da ƙananan tayoyi, da injin Mabuchi RS-540 da aka yi motar dominsa, da batir mai bolt 7.2, farantan suna iya riƙewa. Amma shekara arba'in ba kwana arba'in ba ce. Farantai sun ɗan bankare, mazaunin sanduna ya ci, wani ya zo ya ƙara ƙarfin inji ko girman taya. Ratar da ba ta kai milimita ɗaya ba ta isa haƙori ya tsallake haƙori, kuma wannan tsallaken shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji. Kowane tsallake yana aske kan haƙoran kaɗan. Wanda ya yi banza da ƙarar, a ƙarshe gaskiyar masu cewa giya ta cinye za ta tabbata a kansa.

Kwancewa ba ta da wuya, sai dai tana son natsuwa. Sukurorin Japan kansu mai gicciye ne kamar wanda muka saba, amma yankansa daban ne, ana ce masa JIS. Sukundireba na yau da kullum yana shiga, sai dai in sukuru ya cije yakan zame ya cinye kan. In ba ka da na JIS, zaɓi wanda ya fi zama daram, ka danna sosai kafin ka murɗa. Ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane abu, ka kuma ware kayan dama da na hagu, ni a kiret ɗin ƙwai nake zuba su. Robar da ta tsufa tana da saurin tsagewa, musamman a wuraren da sukuru ya yanka wa kansa zare a cikinta. Idan za ka mayar da irin wannan sukuru, fara juya shi baya a hankali har ka ji ya faɗa cikin tsohon zarensa, sannan ka ɗaure. Wanda ya cusa shi kai tsaye sabon zare zai yanka a kan tsohon, bayan 'yan lokuta ramin ya zama fanko.

Ƙarafan sai a jiƙa su a kalanzir, a goge da tsohon buroshin haƙori. Roba kuwa ruwan ɗumi da sabulu sun ishe ta. Kada fetur ko tina su kusance ta, haka ma maganin feshin da ake wanke birki da shi, domin suna cin robar ko su sa ta yi ƙanƙas ta fashe daga baya.

Bayan wanki sai dubawa, kuma a rana ake yi, ba a hasken fitila ba. Lafiyayyen haƙori yana da faɗi a kansa da kafaɗu masu kaifi. Wanda aka daɗe ana tsallakewa kansa yakan mulmule ya yi sheƙi. Tun kafin wanki ma giris yana ba da labari: in ka murtsuke shi a yatsa ka ga yana ƙyalli kamar an zuba masa garin azurfa, ƙarfen giya ne ya niƙe a ciki. Idan ɗaya daga cikin giyar ƙarfe biyar ɗin nan ta mulmule, canja su duka, domin tsohuwar da ka bari za ta cinye sababbin. Farantan kuma ka kwantar da kowanne a kan gilashi, ka danna kusurwoyinsa da yatsa. Nawa na hagu da na danna sai ya yi rawa, da na ɗora rula a kansa na ɗaga sama, haske ya ratso ta tsakiya. Giyar kuwa, ban da ƙarama ɗaya da ta fara mulmulewa, sauran ba su ji jiki sosai ba.

Gyaran farko mai araha shi ne boris. Duk inda ka tarar da bushin na roba ko na tagulla, sa boris a madadinsa. Wanda Tamiya ta fi amfani da shi ana kiransa 1150: raminsa milimita 5, faɗinsa 11, kaurinsa 4. A ƙasarmu mai ƙura, nemi mai murfin roba, ya fi mai murfin ƙarfe tare datti. Boris yana rage gogayya, batir ya ƙara jimawa, amma babban amfaninsa a nan shi ne yana tsayar da sanduna a saiti, giyar ba ta samun damar karkacewa.

Daga nan sai aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne zuciyar gyaran gaba ɗaya: cike rata da siraran washa. Ana sayar da su a fakiti, masu ramin milimita 5, da kauri 0.1 da 0.2 da 0.3. Haɗa giyabos ɗin a bushe, ba giris, ka ɗaure dukkan sukurori yadda za su zauna a ƙarshe. Kama kofunan nan biyu da sandunan taya suke shiga, ɗaya a kowane hannu, ka ja su waje ka tura su ciki. Za ka ji wani ɗan motsi, ƙit-ƙit. Wannan motsin shi ne filin da giyar take samu ta gudu daga haƙoran 'yan'uwanta. Buɗe, ka sa washa a bayan kowace babbar giya, tsakaninta da boris, ka rufe, ka ɗaure, ka sake gwadawa. Raba kaurin tsakanin dama da hagu gwargwadon iko, don farar giyar ta zauna a tsakiya. Haka za ka yi ta buɗewa da rufewa har ƙit-ƙit ɗin ya kusa ɓacewa. Na ce ya kusa, domin in ka matse har ya ɓace ɗungurungum, da ka juya taya za ka ji tana tafiya tana cijewa, haƙori bayan haƙori, inji zai yi zafi, batir ya ƙare da wuri. Wurin da ake nema ɗan tsakani ne: juyi mai santsi, da motsin da yatsa yake ji amma ido ba ya gani. Kada ka yarda da gwajin da ka yi da sukurori a sake, ɗaurewa tana canja komai. Wanda washa ba su iso masa ba yana iya yanka gwangwanin lemo da almakashi, kaurinsa wajen 0.1 ne, ya yi awo da shi ya san nawa yake bukata. Amma na awo ne kawai, alminiyam ɗin gwangwani yana da laushi, ba ya jimawa a ciki.

Washa sun cike ratar da ke nan mota tana tsaye. Ba su hana faranti buɗewa idan nauyi ya hau. Don haka akwai hanyoyi da masu wannan sha'awa suka daɗe suna bi. Wasu suna sayen farantai masu kauri da aka yanka da inji. Wasu suna ɗaura takalmi daga waje, wato wani ƙarfe ko roba mai tauri da ke rungume farantan biyu daidai inda boris yake, yanzu ma har bugawa ake yi da injin 3D. Wasu kuma suna huda kofi ɗaya, su yanka zare a ɗayan, su ratsa siririn sukuru ta tsakiyar difarenshal ya riƙe ɓangarorin biyu da juna, ta yadda turin ba zai kai ga bango ba sam. Wannan ta ƙarshen dabara ce mai kyau, tana aiki, sai dai tana son huda madaidaiciya ƙwarai, kuma abin da aka huda ba ya komawa yadda yake. Kofunan Frog na asali ba a samunsu a ko'ina. Ni takalmi na zaɓa. Na zana shi a kwali, wani maƙwabcina mai haɗa tagogin alminiyam ya yanka mini daga ragowar da ke ƙasan tebirinsa, mai kaurin milimita 3, yana yi yana dariyar babban mutum da motar yara. Ramukan sukurorin da ke nan na bi, da sukurori masu ɗan ƙarin tsawo, ban huda ko ɗaya sabo ba. Duk ranar da na so, minti biyar ya isa in cire shi motar ta koma yadda aka ƙera ta.

Giris iri biyu ake bukata. A kan farar giya da ta tsakiya, ɗan shafe na mai laushi wanda aka rubuta cewa ba ya cin roba. A kan giyar ƙarfe biyar ɗin nan kuwa mai kauri, mai yauƙi. Tamiya tana da wani da take kira Anti-Wear, toka-toka, wanda in ya taɓa yatsa sai an sha wanki. Yauƙin yana da amfani biyu: ba ya fallatsa ya bar haƙora a bushe, kuma yana ɗan riƙe difarenshal ɗin kada ya saki da sauri. Kada a cika, rarar giris ƙura kawai take tarawa. Motocin zamani nasu difarenshal a rufe yake ruf, ana zuba masa man silikon mai lamba 3,000 ko 5,000 ko 10,000 gwargwadon taurin da ake so. Na Frog a buɗe yake cikin giyabos, in ka zuba mai zai tsiyaye ne kawai.

Me ya sa ake son ya ɗan riƙe? Saboda difarenshal mai giya yana da hali ɗaya marar daɗi: ƙarfi daidai yake ba tayoyin biyu, kuma ba ya wuce abin da mai rauni a cikinsu za ta iya ɗauka. In taya ɗaya ta ɗaga sama ko ta faɗa cikin rairayi mai laushi, sai ta yi ta wulwulawa, wadda ke kan ƙasa mai tauri kuma ta tsaya tana kallo. Duk direban da motarsa ta taɓa kafewa a yashi ya ga wannan da idonsa.

Wannan halin yana daga cikin abin da ya sa masu tsere suka rungumi difarenshal mai ƙwallaye. Cecil Schumacher, injiniyan giyabos a kamfanin Cosworth da ke Northampton a Ingila, shi ne ya ƙera shi don motocin rimot a ƙarshen shekarun 1970, abin ya karɓu har ya bar aikinsa ya kafa kamfani da sunansa. RC10 ta kamfanin Associated na Amurka, wadda ta fito a 1984 ta kuma ci kofi a gasar duniya ta farko ta irin waɗannan motoci a Kalifoniya a 1985, da shi take tafiya. Babu giya masu karkatattun haƙora a cikinsa. Babbar giyar ce aka yi wa ramuka a zagaye, aka zuba ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ciki, sannan aka matse su tsakanin zobba biyu masu santsi da sukuru da sifirin. Kowane zobe yana haɗe da taya ɗaya. A kwana ƙwallayen suna mirginawa tsakanin zobban, aikin da ƙananan giyar nan uku suke yi kenan. Riba biyu ce ga mai Frog ko Blackfoot: sukurun tsakiya ne yake ɗauke da matsin, ba bangon giyabos ba, kuma kana iya ƙara tauri ko ragewa. A shekarun 1980 kamfanin Thorp ya yi wa waɗannan motoci irinsa, daga baya kuma MIP na Amurka ya fitar da nasa don waɗanda aka sake bugawa. Kafin ka saya, tabbatar ya dace da irin sandunan tayar da ke jikin motarka.

Na haɗa irinsa a wata Blackfoot ta abokina, kuma aiki ne mai son tsabta. Zobban sai an goge su a kan samfefa mai laushi, lamba 800 ko 1000, da aka shimfiɗa a kan gilashi, ana zagayawa da su har fuskar ta zama bai ɗaya. In tsoho ne da ƙwallaye suka yi wa layi, ana iya juya shi a yi amfani da bayansa. Ƙwallayen ana shafa musu farin giris na silikon, kaɗan. Ƙaramin boris ɗin da ke ƙarƙashin kan sukuru kuwa baƙin giris yake so. Kada a musanya su. Baƙin yana da santsi ƙwarai, in ya hau kan manyan ƙwallaye sai su riƙa zamewa maimakon mirginawa, ka yi ta ɗaurewa ba ya kamawa. Ɗaurewar ma kaɗan-kaɗan ake yi, a murɗa, a juya kofunan, a sake murɗawa, don ƙwallaye su zauna ba tare da sun lotsa zoben ba. Gwajinsa shi ne ka riƙe tayoyin biyu gam ka yi ƙoƙarin juya babbar giya da yatsa: kada ta motsa, amma in ka juya taya ɗaya ɗayar ta bi da baya cikin santsi. Bayan 'yan mintoci na tafiya a hankali yakan ɗan saki, sai a ƙara ɗaurewa kaɗan. In ka danna wuta ka ji wata 'yar ƙara mai kama da haushi, zamewa yake yi, tsaya nan take. Zamewa kaɗan ta isa ta daddaɓe ƙwallayen ta ƙona zobban.

Shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? A Blackfoot da Monster Beetle, da manyan tayoyin nan da ke ɗora wa giyabos nauyin da ya fi na Frog nesa, zan ce e. A Frog mai injinta na asali, ban ga dalili ba. Kuɗinsa babban kaso ne na kuɗin sabuwar mota sukutum, sannan yana son a riƙa buɗe shi ana wankewa, domin ƙurar hunturu in ta shiga tsakanin ƙwallo da zobe, za ka ji shi yana gurzawa kamar an zuba tsakuwa. Mai giya yana haƙuri da datti fiye da shi. Boris da washa da takalmi da giris mai yauƙi sun kashe ƙarar tawa, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne maganin 'yan gaggawa, wato a ɗura wa difarenshal gam a daskarar da shi. Ƙarar za ta tafi, gaskiya ne. Amma motar za ta ƙi shan kwana, ta riƙa tura gaba ko ta kife, tayoyi su cinye da wuri, kuma duk murɗar da difarenshal yake shanyewa a da sai ta sauka a kan sandunan taya. Garin neman gira an rasa ido. Sandunan Frog na asali kansu mai kusurwa shida ne, suna shiga kofi mai kusurwa shida, da rigar roba mai lanƙwasa a kai. Kusurwoyin da kansu suna mulmulewa da tsufa, rigar kuma tana tsagewa yashi ya shiga. Wani lokaci ma ƙas-ƙas ɗin daga nan yake fitowa, don haka duba su tun giyabos yana buɗe. Frog ta 2005 ta zo da wasu sanduna daban, masu ɗan ƙulli da fil a kowane kai, sun fi juriya. Suna shiga tsohuwar mota, amma sai ka canja kofi da sanda da gatarin taya gaba ɗaya, ba a haɗa tsoho da sabo.

Maganar inji ita ma maganar difarenshal ce. Injinan zamani marasa buroshi, da batir LiPo mai bolt 7.4, suna iya ninka gudun Frog, kuma duk wanda ya gani zai yi sha'awa. Sai dai ƙarfin da ka hana shi buɗe faranti ba ɓacewa yake yi ba, zai nemi wuri na gaba mai rauni: haƙoran farar giya, ko sanduna, ko robar da ke riƙe da hannun taya. Na cire mai zafin da na tarar, na mayar mata da 540 na yau da kullum. Abu ɗaya na zamani da na yarda na sa shi ne na'urar sarrafa gudu ta lantarki. Ta asali makunni ce mai mataki uku da wani hannu yake turawa, tana fizgar motar daga mataki zuwa mataki, kuma tana barin mutum ya jefa ta ribas tana tsaka da gudu. Babu abin da ke wahalar da haƙoran giya kamar wannan. Ta lantarkin tana ɗaukar wuta sannu-sannu. Tsofaffin kayan da na cire suna cikin leda da takarda a kai, domin masu tara irin waɗannan motoci suna daraja kayan asali ko da sun gaji.

Gwajin farko a kan siminti ake yi, da rabin wuta, ana zagaye dama da hagu don giris ya ratsa haƙora su saba da juna. Daga nan a hau turɓaya, a tsaya cak a danna wuta gaba ɗaya, a kuma gwada hawa ɗan tudu, tunda a nan ne ƙarar take fitowa in tana nan. Taɓa inji bayan minti biyar. In ba ka iya barin yatsanka a kai na 'yan daƙiƙu, ko dai washa sun yi yawa ko ƙaramar giyar inji ta matse da ta tsakiya, kuma siririyar takarda da aka ratsa tsakanin haƙoransu lokacin ɗaure inji tana ba da ratar da ta dace. Bayan ka ƙarar da batir uku ko huɗu, sake buɗe giyabos ka ja kofunan nan. Sababbin giya sukan zauna su ba da 'yar rata, sau da yawa sai an ƙara washa ɗaya ta 0.1. Duba giris ɗin kuma a rana. In babu ƙyallin azurfa a ciki, rufe ka ɗaure, sai kuma bayan hunturu ka sake buɗewa ka wanke ƙura.